Idan Majinyata Suka Yi Gangami a Kan Magani

Daga cikin cuce-cucen da Allah Yake jarrabar bayinSa da su akwai masu zuwa su wuce, kamar mura da zazzaɓin damina, mutum ya kwanta kwana uku ko mako guda ya tashi ya kama sha'aninsa. Akwai kuma waɗanda idan suka sauka a jiki to sun sami mazauni ke nan, sai dai a yi ta lallaɓa su har iyakar kwanakin da aka ɗibar wa bawa, irin su ciwon suga da hawan jini da amosanin jini da farfaɗiya. Mai irin wannan lalura, bayan ya shekara biyar ko goma yana zaryar asibiti, yana kama layi tun da asuba domin ya sami ganin likita na ɗan lokaci ƙanƙane, yana kuma sayen ƙwayar da tun farko an gaya masa ba warkar da shi za ta yi ba, iyakarta ta tare ciwon kada ya yi gaba, ba abin mamaki ba ne idan zuciyarsa ta karkata ga duk wanda ya zo masa da kalmar waraka. Da ma Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Kuma da yake babu mai fahimtar majinyaci kamar ɗan'uwansa majinyaci, sai ka ga sun nemi juna sun kafa ƙungiya, suna ba juna labari da shawara da haƙuri, wanda kuwa alheri ne da babu mai hankalin da zai kushe shi. Hatsarin yana farawa ne ranar da ƙungiyar ta ɗauki wani magani da ba a tabbatar da amfaninsa ba ta mai da shi tutarta, har ya zama wanda ya yi shakkarsa kamar ya fita daga jama'a ne.

Da gangan zan ɗauko misali daga ƙasa mai nisa, watau Kanada, inda kusan kowa ya yi makaranta, gwamnati kuma ita ke biyan kuɗin likita da na gadon asibiti, domin kada mai karatu ya ce ai jahilci ne ko talauci ke jawo irin wannan al'amari.

Akwai wata cuta da likitoci ke taƙaita sunanta da haruffa biyu, MS, wadda ba ta da yawa a ƙasashenmu na zafi, amma Kanada tana cikin ƙasashen da ta fi addaba a duniya. Asalinta garkuwar jikin mutum ce ke juyowa ta riƙa cinye rigar da ta lulluɓe jijiyoyin da ke kai saƙo a cikin ƙwaƙwalwa da laka, sai gani ya dushe, ko ƙafa ta mutu, ko gajiya ta danne mutum har ya kasa ɗaga hannu. Ta fi kama mata, kuma galibi a tsakanin shekara 20 zuwa 40, lokacin da mutum yake ganiyar ƙarfinsa. Abin da ya kamata a riƙe game da ita, domin shi ne mabuɗin labarin duka, shi ne a wurin mafi yawan masu ita tasowa take yi ta lafa, ta sake tasowa ta sake lafawa, ko an sha magani ko ba a sha ba.

A shekarar 2009 wani likitan fiɗa na jijiyoyin jini a Jami'ar Ferara ta ƙasar Italiya, Paolo Zamboni, wanda matarsa ma tana fama da wannan cuta, ya fito da wani ra'ayi sabo. Ya ce ya duba majinyata 65 ya tarar dukansu jijiyoyin da ke dawo da jini daga kai zuwa zuciya sun tsuke a wuya ko a ƙirji, alhali bai ga haka a jikin mutanen da ba su da cutar ba; saboda haka, a ganinsa, jini ne ke taruwa a ƙwaƙwalwa yana yin ɓarna, idan kuwa aka buɗe hanyar sai sauƙi ya samu. Yadda ake aikin shi ne a ɗan tsaga matsematsin mutum, a zura wani siririn bututu cikin jijiya, a yi ta tura shi ana kallonsa a hoto har ya isa wuya, sa'an nan a hura wata 'yar balan-balan da ke bakinsa ta buɗa wurin da ya tsuke, a sace iskar a zaro shi. Mutum yana farke ake yi, yakan kuma koma masauki a ranar. Aka sa wa aikin suna mai daɗin ji, wai aikin 'yantarwa.

A watan Nuwamba na 2009 gidan talabijin na CTV ya nuna shiri a kan al'amarin, da hotunan mutanen da suka ce sun sami lafiya. Kafin a ce haka ƙasar ta ɗauka. Majinyata suka kafa ɗaruruwan zauruka a Facebook, kowa yana ɗora hotonsa kashi biyu: ga shi jiya yana jan ƙafa yana dafa bango, ga shi yau bayan aiki yana hawa matakala ba sanda, matarsa tana kuka don murna a bayansa. Wanda duk ya kalli irin wannan, in dai yana da tausayi a ransa, da wuya ya tsaya tambayar hujja. A watan Mayu na 2010 suka yi gangami a gaban majalisar dokoki a Otawa da wasu birane, wasu a kan keken guragu, suna neman gwamnati ta halatta aikin ta kuma biya kuɗinsa. Likitocin ƙwaƙwalwa da suka ce a dakata a bincika, sai aka ce ai 'yan amshin shatan kamfanonin magani ne, suna tsoron kada cinikinsu ya mutu. Ƙungiyar masu cutar ta ƙasa, wadda ta shekara da shekaru tana yi musu hidima, ita ma ba ta tsira daga wannan tuhuma ba.

Da yake asibitocin Kanada sun ƙi yin aikin, sai mutane suka kama hanya: wasu Foland, wasu Bulgeriya, wasu Indiya, wasu Meziko da Kosta Rika, inda asibitocin kuɗi suka buɗe ƙofa suna karɓar dala 10,000 zuwa sama a kan kowane mutum. Aka yi ta karo-karo a coci-coci da unguwanni, wasu suka ci bashi da gidajensu. Ya kamata a yi wa Zamboni adalci a nan, domin shi da kansa ya yi gargaɗi kada majinyata su bar magungunansu, ya kuma hana sanya wata 'yar ragar ƙarfe da wasu likitoci ke bari a cikin jijiya don kada ta sake tsukewa. Amma magana ta riga ta fi ƙarfin mai ita. Tun a 2009, a wani asibitin jami'a a Kalifoniya, mace guda ta rasu da zubar jini a ƙwaƙwalwa bayan aikin, wani kuma ragar ta sulale ta faɗa masa cikin zuciya sai da aka buɗe ƙirjinsa aka ciro ta. A watan Oktoba na 2010 wani ɗan shekara 35 daga lardin Ontariyo ya rasu a Kosta Rika bayan jini ya daskare masa a inda aka sa ragar. A 2012 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi a kan aikin.

'Yan siyasa kuwa, waɗanda a ko'ina suke ba sa son ganin taro yana fushi da su, suka sakko. Lardin Saskacewan ya ware dalar Kanada miliyan 5 domin gwaji, a 2011 kuma gwamnatin tarayya ta amince a yi nata. Sai aka shiga bincike irin wanda ya kamata a ce da shi aka fara. A 2013 Dakta Anthony Traboulsee na Jami'ar Biritish Kolombiya da abokan aikinsa suka ɗauki hoton jijiyoyin mutum 177, ba tare da masu karanta hoton sun san wane ne majinyaci wane ne lafiyayye ba. Suka tarar da tsukewar jijiya a kashi 74 cikin ɗari na masu cutar, da kashi 66 na 'yan'uwansu na jini waɗanda ba su da ita, da kashi 70 na sauran mutane lafiyayyu. Ashe tsukewar halitta ce gama-gari, ba alamar cuta ba. Sa'an nan aka ɗauki majinyata 104 aka raba su biyu da ƙuri'a: kashi ɗaya aka yi musu aikin sosai, kashi ɗaya aka tsaga aka zura bututun amma ba a hura ba, kuma babu wanda ya san kashin da ya faɗa. A kwanakin farko aka sami masu jin sauƙi a ɓangarorin biyu, da waɗanda aka yi wa aikin da waɗanda aka yi wa kwaikwayonsa. Da aka kai mako 48 ba a ga wani bambanci a tsakaninsu ba. A ƙarshen 2017 Zamboni da kansa ya buga sakamakon nasa gwajin a kan mutum 115 a Italiya, ya bayyana cewa aikin ba shi da wani tasiri na a zo a gani, bai kuma kamata a ba masu cutar shawarar yin sa ba. Ni dai ina ganin wannan furuci ya fi duk abin da ya yi a baya daraja, gama malamin da zai rushe fatawarsa da hannunsa a gaban duniya ba shi da yawa.

To, yanzu sai a yi tambaya: waɗancan dubban mutane da suka ba da shaida, ƙarya suka yi? Ko kusa. Abin da suka ji a jikinsu gaskiya ne. Inda suka kuskure shi ne wajen danganta shi ga sababinsa. Malaman hadisi sun daɗe da warware irin wannan mas'ala, da suka shimfiɗa sharuɗɗan labari mutawatiri, watau wanda yawan masu riwayarsa ke kai mutum ga yaƙini. Ba yawa kaɗai suka duba ba. Sun shar'anta cewa masu labarin su kasance ba zai yiwu a al'ada su haɗu a kan kuskure guda ba, kuma abin da suke ba da labarinsa ya zama sun gan shi ko sun ji shi da kansu, ba istinbaɗin hankalinsu ba ne. Majinyaci yana iya shaida cewa jiya ƙafarsa ta yi nauyi yau ta yi sauƙi, wannan ya ji da jikinsa. Amma cewa balan-balan ce ta kawo sauƙin, wannan ra'ayi ne, ba gani ba. Kuma mutum dubu da suke zaune a zaure guda, kowa yana jin abin da ɗan'uwansa ya faɗa tun kafin a yi masa aikin, ya tafi da tsammanin abin da zai ji, riwayarsu ba ta zama hanyoyi dubu ba. Hanya ɗaya ce aka maimaita sau dubu.

A haɗa da wannan cewa mutum ba ya tashi neman sabon magani sai ciwo ya yi tsanani, kuma a cutar da ɗabi'arta tasowa ne da lafawa, abin da ke bin tsanani galibi sauƙi ne, sai maganin da aka sha a ranar ya kwashe ladan da ba nasa ba. Sa rai kansa yana rage raɗaɗi da gajiya na wani lokaci, likitoci sun san haka, shi ya sa suke gwada magani da kwaikwayonsa. Amma abin da ya fi duk waɗannan ɓatar da lissafi shi ne waɗanda ba sa zuwa taron. Wanda ya mutu ba ya ba da shaida. Wanda aka tara wa kuɗi a unguwa ya tafi ya dawo yadda yake, kunya ba za ta bar shi ya miƙe a gaban waɗanda suka taimake shi ya ce kuɗinku sun tafi a banza ba. In ma ya yi ƙarfin hali ya faɗa, sai a ce likitan da ya yi masa ne bai ƙware ba, ko jijiyar ce ta sake tsukewa, ya koma a sake. Saboda haka mai kallon taro yana ganin waɗanda suka dace ne kawai, sai ya ce gani ya kori ji, alhali rabin abin ba a nuna masa ba.

Kada wani ya zaci raba majinyata kashi biyu bidi'ar Turawa ce. Abubakar ar-Razi, babban tabibin asibitin Bagadaza wanda ya rasu a 925, ya ba da labarin yadda ya sami mutane masu alamun sanƙarau, ya yi wa kashi ɗaya tsaga ya fitar musu da jini, ya bar kashi ɗaya da gangan domin ya ga bambanci kafin ya yanke hukunci. Yau an san tsaga ba ita ce maganin sanƙarau ba, amma hanyar da ya bi ita ake bi har gobe. Ibnu Sina kuma a littafinsa Alƙanun ya kawo sharuɗɗa bakwai na jarraba magani, daga ciki akwai cewa sai an ga tasirinsa a kullum ko a mafi yawan lokuta, in ba haka ba ana ɗaukarsa dacewa ce kawai. Wanda duk ya ce wa magani mujarrabi, to ya san kalmar tana da nauyi a wurin magabata.

Mu dawo gida, domin abin da ya faru a Otawa yana faruwa a nan kullum, sai dai da wata riga. Ga motar masu magani ranar kasuwa, da lasifika a kanta, ana kiran sunayen cututtuka goma sha a kan gora guda, ga shirin rediyo da aka saya, masu kira suna bugowa ɗaya bayan ɗaya suna rantsuwa sun rabu da suga har abada, ga zauren WhatsApp na masu ciwon ƙoda ko na iyayen masu amosanin jini, wanda aka kafa domin ƙarfafa wa juna gwiwa, sai wata rana wata baiwar Allah ta kawo labarin wani jiƙo, sha yanzu magani yanzu, ta ce, “Wallahi Hajiya, ni na ba nawa, wata uku ke nan ko ciwon kai bai yi ba.” Ba ƙarya ta yi ba, kuma alheri take nufi; amma duk uwar mai amosanin jini ta san yaro yakan yi wata uku lafiya lau, sanyin hunturu na shigowa ya kwanta. Mafi muni shi ne sharaɗin da ake yawan haɗawa da shi, cewa sai an ajiye maganin Bature tukuna, wai ba a haɗa biyu. Yaron da ke rayuwa da allurar insulin, idan aka tsayar da ita, cikin 'yan kwanaki zai iya suma ya tafi. Mai hawan jini ba ya jin komai a jikinsa sau da yawa, sai ranar da ɓarin jiki ya shanye. Jin daɗin jikinsa ba hujja ba ne, awo ne hujja. Mai cutar ƙanjamau da ya bar ƙwayarsa, ƙwayar cutar takan dawo da ƙarfin da maganin farko ba zai sake kama ta ba. An ga haka a Gambiya daga 2007, sa'ad da Shugaba Yahya Jammeh ya ce yana warkar da cutar aka sa majinyata barin magungunansu. An kuma gani a 2011 a ƙauyen Samunge na Tanzaniya, inda wani tsohon fasto yake ba da kofi guda na saiwa a kan shilin 500, motoci suka yi jerin gwano na kilomita masu yawa, gommai suka mutu a kan layi, wasunsu an ɗauko su ne daga gadon asibiti.

Wanda aka kawo wa irin wannan magani, ba sai ya yi faɗa da kowa ba. Ya tambaya a hankali: mutum nawa suka sha, kuma ina waɗanda bai yi wa amfani ba? Wane ne ke karɓar kuɗin, shi ne kuma mai tara shaidun? Idan ya ga lambar NAFDAC a jikin kwalbar maganin gargajiya, ya sani galibi tana nuna an duba ba a ga guba a ciki ba ne, ba ta nufin an tabbatar yana warkar da abin da aka jera. Shi ya sa ake rubuta a jikin takardar cewa hukumar ba ta tantance waɗannan da'awoyi ba, sai dai da ƙananan haruffa da Ingilishi. In kuwa ya ƙudurta sai ya gwada, to kada ya ajiye na asibiti, ya gaya wa likitansa abin da yake sha, ya kuma yi awo kafin ya fara da bayan ya fara, har da na ƙoda da hanta, domin su ne ke ɗaukar nauyin duk abin da aka haɗiya. Likitoci su ma suna da nasu kason a laifin: wanda ya daka wa majinyaci tsawa don ya ambaci sassaƙe, ya koya masa ɓoyewa ne, ya kuma tura shi wurin mai lasifika, wanda ko ba komai zai saurare shi har ya gama.

Ba kuma cewa ake yi itatuwa ba su da magani ba. Metformin, ƙwayar da mafi yawan masu suga ke sha, asalinta daga wani tsiro ne da mutanen Turai suka daɗe suna amfani da shi. A nan Nijeriya, inda ake haihuwar jarirai kimanin 150,000 da amosanin jini kowace shekara, wani limamin coci daga Oyo, Paul Ogunyale, ya kai haɗinsa na masoro da kanumfari da karan dafi da itacen wani maɗobiya ga cibiyar binciken magunguna ta NIPRD a Abuja. Maimakon a tara jama'a a yi shela, sai masana ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe suka gwada shi da kwaikwayonsa a kan majinyata 82, aka buga sakamakon a 2001, ya nuna yana rage yawan tashin ciwon, ko da yake ba ya raba mutum da cutar, kuma gwajin ƙarami ne da ke buƙatar wanda ya fi shi girma. Aka sa masa suna Niprisan, aka fito da shi kasuwa a 2006 da sunan Nicosan. Shekara biyu bayan haka kamfanin da aka ba lasisin haɗa shi ya durƙushe, magani ya yi wuyar samu, sai a 2018 aka ƙulla sabuwar yarjejeniya da kamfanin May & Baker. Da a ce a cikin waɗannan shekaru goma iyayen masu amosanin jini na Kano da Kaduna da Legas sun cika ƙofar majalisa a Abuja kamar yadda mutanen Kanada suka cika tasu, suna neman a dawo da maganin a kuma biya kuɗin babban gwaji, ina kyautata zaton da ba a kai shekara goma ana jira ba.